Finjalin da Jakadan Nuwanji Ya Shanye

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya kafa duwatsu ya ɗora musu ƙanƙara a ka, ya raba mutane ƙabila-ƙabila, kowace da abin da take jin kunyarsa. Ya ku jama'a, ku gyara zama. Ni ne Barmo ɗan Jatau, mutumin Kwargaba, maginin rijiya ɗan maginin rijiya. Abin da zan faɗa muku idona ne ya gani, ba labarin bakin kasuwa ba ne.

Garinmu a kan tudu yake. Ubana ya haƙa gaba arba'in bai ga ko laima ba, ni na ƙara goma a kan nasa, abin da na tsira da shi ciwon baya ne. Kullum sai matanmu sun gangara fadama da tulu sun hauro da shi. Wata rana wani falke ya ce mini a can gabas, bayan teku, akwai mutanen da suka san yadda ake sa ruwa ya hau dutse da kansa. Da ina da hankali da na yi dariya na koma gida. Maimakon haka na saɓa dagina, na naɗe igiyata, na yi sallama da kowa.

Shekara uku ina tafiya. Na ratsa dajin da itatuwansa ke tashi su koma inuwa idan rana ta yi zafi. Na ga birni guda a kan bayan kunkuru, da kasuwarsa da marinarsa. A tsibirin Huru kuwa aka kama ni aka jefa ni wani rami mai zurfi, inda suke tara baƙi domin wani ƙaton damo da suke bauta wa. Sun manta su tambaye ni sana'ata. Na kara kunne a bangon ramin, na ji inda teku ke bugawa, na haƙa ta gefe kwana biyu. Da ruwa ya janye na ɓulla bakin gaɓa, na bar musu damonsu da yunwa.

Daga nan wani jirgin masunta ya sauke ni a Nuwanji, ƙasar kwari da shinkafa. Na zo neman masu sa ruwa ya hau dutse, sai na tarar da mutanen da ko gangarowa ya daina yi musu. Kogin Shili, wanda ƙasar duka ke sha daga gare shi, ya ƙafe. Kwale-kwale na kife a kan yashi, gonaki sun tsattsage har ƙafar mutum na shigewa. Wai girgizar ƙasa ce ta karya gefen wani dutse a can sama, cikin ƙasar Tarkum, ya faɗo ya toshe kogin.

A wani ƙauye na sauka gidan wani dattijo mai suna Lunsai, tsohon malamin fada, da matarsa Senli. Na ce zan haƙa musu rijiya ladan masauki. Na haƙa gaba goma sha biyu na samu ruwa, na ɗanɗana, gishiri zalla. Ban taɓa jin kunyar sana'ata irin ta ranar ba.

Duk da haka Senli ta dafa mini shayi da ɗan ruwan da suke tanadi. Ni kuwa da ƙishirwa, na ɗaga finjali na shanye tas, har da lasar baki. Sai na ga ta dafe ƙirji.

Lunsai ya yi dariya ya ce, “Kwantar da hankalinki, baƙo ne, dokar ba ta hau kansa ba.” Ya juyo gare ni. “Malam Barmo, a Nuwanji ba a shanye finjali. Kullum sai an rage yatsa biyu a ƙasa, rabon gidan mutum ke nan, alamar yana da inda zai koma. Wanda ya shanye a gidan wani baƙon ƙasa, ya ce ke nan ba shi da gida. A kankare sunansa daga ƙofa, a yi masa jana'iza da akwati babu kowa, matarsa ta shiga takaba. Ko ya dawo, ba mai ganinsa.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, duk a kan guntun shayi?”

Ya ce, “Ku a ƙasarku ba ku da abin da ake mutuwa a kansa, wanda baƙo zai yi wa dariya?”

Na yarda da shi, domin muna da su da yawa.

Bayan kwana uku manzon Sarkin Nuwanji ya iso. Shekara ɗari ke nan ba jakadan da ya taka tsakanin Nuwanji da Tarkum, kuma Lunsai kaɗai ya rage mai jin harshen mutanen dutse, shi ma a littafi ya koya. Aka naɗa shi jakada, ya je ya roƙi Sarauniyar Tarkum a buɗe kogin. Sarki ya ba shi kwana arba'in. Idan wa'adin ya cika babu amsa, runduna za ta haura, kuma kowa ya sani ƙauyukan gindin dutse ne za su fara zama toka, na Lunsai a gaba. Aka haɗa shi da wani mutum siriri mai suna Hoshin, wanda ake kira Idon Sarki, aikinsa ya ga duk abin da jakada ya yi ya kai rahoto. Ni kuma Lunsai ya ce in bi su, ko zan san ta inda za a fasa dutsen.

Da za mu tashi Senli ta raka mu bakin ƙofa. Shekara arba'in da huɗu suna tare. Ba ta yi kuka ba, ta dai gyara masa wuyan riga ta ce, “Ka rage mini rabona.” Ya ce, “Na taɓa mantawa?”

Kwana goma sha biyu muna hawa, Lunsai na koya mini ɗan harshensu a hanya. Muka ƙetare gadar saiwoyi, wadda ke da rai, sai an shafa ta an gaishe ta kafin ta miƙe. Muka hau wasu shanu masu gashi har ƙasa, ga taurin kai ga wari. Iska ta yi ƙaranci har sai mutum ya ja numfashi biyu kafin ya samu na ɗaya. A rana ta goma sha ɗaya muka ga tafkin da toshewar ta haifar, ya cinye makiyayar Tarkum yana ci gaba da hawa. Na zaga dutsen da ya faɗo, na buga dagi nan da can, na samu jijiya mai taushi, inda dutsen zai fi saurin fashewa, a gefen kudu. Na ce musu da mutum dubu uku, sati uku ya isa. Ranar na yi murna, na ɗauka an gama mai wuyar.

A ƙofar fada sarkin dogarai ya tare mu da gargaɗi. “Baƙi, ku ji da kyau. A Tarkum baƙo ba ya faɗin buƙatarsa sai an tambaye shi. Wanda ya riga, da baki ko da takarda, a raka shi iyaka, kuma ba za a saurari ƙasarsa ba sai bayan shekara bakwai.”

Lunsai ya ce wannan ai ladabi ne, zai jira.

Sarauniya Ormu doguwar mace ce mai furfura, tana zaune a kan farin bargo. Wata tsohuwa mai suna Sarnai ta zuba mana shayi da man shanu da gishiri. Aka gaisa. Sarauniya ta tambayi hanya, ta tambayi lafiyar shanun da muka hau. Lunsai ya kurɓa, ya kurɓa, ya rage yatsa biyu, ya ajiye. Sarauniya ta dubi finjalin, ta dube shi, ta ce Allah ya kai mu gobe.

Gobe ma haka. Jibi ma haka. Kwana biyar muna zuwa ana yi mana hirar ƙanƙara da farashin ulu, tafki na hawa, wa'adi na raguwa. Ni ba mai haƙuri ba ne. Na bi Sarnai har madafa na durƙusa na ce, “Iya, don girman Allah, me muka yi? Sarauniya tana ganin tafkin nan ta taga. Me ya hana ta tambaya?”

Ta ajiye ludayi ta ce, “Ɗana, mu ma abin da muke tambayar junanmu ke nan. Me ya hana tsohon naku shanyewa? Mai gida ba ya tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya shanye finjali ya kife. Wanda ya rage, yana nufin bai huce gajiya ba, a ƙyale shi. Kullum ina rage yawan abin da nake zuba masa, ko zai ƙarar, kullum sai ya rage.”

Na ce, “To tun da ku ma ruwan yana cinye muku ƙasa, ku fasa dutsen mana, ba sai an roƙe ku ba.”

Ta zaro ido. “Mu ba Nuwanji abin da ba su roƙa ba? Ai zagi ne, an ce musu sun kasa riƙe gidansu ke nan. Ba ka san abin da ya raba mu ba? Dawaki ɗari kakan sarkinsu ya aiko wa kakan Sarauniya ba a nema ba. Shekara talatin aka yi ana yaƙi.”

Na koma masauki na faɗa wa Lunsai, Hoshin na zaune. Tsohon ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Daga ranar na shiga dabaru, ni da na tsere wa damon Huru, ina ganin ba abin da zai gagare ni. Washegari na ɗauki nawa finjalin a gaban fada na shanye na kife. Nan take Sarauniya ta ce, “Baƙo, me ya kawo ka?” Na zube na faɗi komai, kogi da shinkafa da jijiyar kudu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce a hankali, “Na ji maganar maginin rijiya, kuma ta shige ni. Amma kai ba ɗan Nuwanji ba ne. Maganar Nuwanji tana bakin Nuwanji.” Ta dubi Lunsai kamar mai roƙo. Shi kuma ya sunkuyar da kai.

Muka aika tattabara ga Sarkin Nuwanji, Lunsai ya rubuta da hannunsa yana neman a ɗage masa dokar sau ɗaya tak. Kwana uku ta dawo da layi guda: jakadan Nuwanji yana da gida, kada ya nuna wa mutanen dutse ba shi da shi.

Sarnai ta gwada kawo finjali babu komai a ciki. Dattawan fada suka ce wannan wulaƙanta baƙo ne, aka sa ta cika shi har baki. Na nemi ganin Sarauniya ita kaɗai na ce ta karya al'ada rana ɗaya, wa zai hana ta? Ta ce, “A kan wannan al'adar aka ɗora ni, Barmo. Ranar da na tambayi baƙo finjalinsa a tsaye, kafin azahar ƙanena ne a kan bargon nan, shi kuwa yaƙin yake so. Kabarin mahaifina saura kamu bakwai ruwa ya taɓa shi. Kana tsammanin daɗi nake ji?”

Dabarata ta ƙarshe ta sana'a ce. Na samu allura na huda gindin finjalin jakada, ƙaramar ƙofa wadda ido ba ya gani, don shayin ya tsiyaye cikin hannun rigarsa. Finjali zai ƙare, shi kuwa bai shanye ba. Kafin mu fita Hoshin ya riƙe hannuna.

“Malam Barmo, na gani.”

Na ce, “To ka yi kamar ba ka gani ba! Ba ka da dangi a gindin dutse?”

Ya ce, “Uwata tana can. Amma na yi rantsuwa a gaban kabarin sarakuna. Idan ya kife finjali babu komai, zan rubuta ya kife babu komai, kuma doka ba ta tambayar ina shayin ya bi. Idan na rubuta an huda, Tarkum za su ce an yaudare su a fadarsu. Ka zaɓar mini wanda zan rubuta.”

Na so in mare shi, na rasa dalili. Na fita bayan gari na zauna a kan dutse na yi kuka, ƙato da ni. Ga ruwa, ga masu haƙa, ga jijiya na samo, kowa a ƙasashen biyu yana son abu ɗaya, kuma ba abin da dagina zai iya.

Rana ta talatin da tara da safe muka hango tantunan runduna a gindin dutse, farare, kamar an watsa shinkafa a tabarma. Lunsai ya yi wanka, ya sa rigar da Senli ta gyara masa wuyanta. A hanya ya ce mini, “Malam Barmo, shayin nan nasu, tsakani da Allah, yana da daɗi har ƙasa?”

Na ce, “Baba, kada ka yi. Mu ƙara tunani.”

Ya ce, “Kwana ashirin da biyu kana tunani, ɗan rijiya. Kanka ya huta haka.”

Aka gaisa. Sarnai ta zuba. Ya kurɓa har ya kai yatsa biyu, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ragowar, leɓunansa na motsi, ban ji abin da ya ce ba. Sannan ya ɗaga ya shanye, ya kife finjalin a kan bargo.

Sarauniya ba ta bari ya sauke hannu ba. “Baƙo, me ya kawo ka?”

“Nuwanji na roƙon ruwa.”

“An ba ta.”

Shi ke nan. Maganar da muka yi kwana ashirin da bakwai muna zagayawa ba ta kai tsawon atishawa ba. Hoshin ya buɗe takardarsa ya rubuta, hawaye na ɗiga a kan tawada. Da ya gama ya tashi ya wuce ta gaban Lunsai bai dube shi ba, domin a wurinsa babu kowa a wurin.

Tattabara ta sauka da hatimin Sarauniya, runduna ta kwance tantuna. Na jagoranci mutum dubu uku na Tarkum, kwana goma sha tara muka fasa jijiyar kudu. Ranar da ruwan ya ɓalle, ƙararsa ta sa shanu gudu. Sarauniya ta ba Lunsai ɗaki a bakin sabuwar mashigar, inda ake hango kwarin Nuwanji idan gajimare ya yaye. Da zan sauka na je yi masa sallama, na tarar yana shan shayi. Ya rage yatsa biyu, ya tashi ya juye a cikin kogin.

“Ka gaya mata kullum da safe rabonta na tafe,” ya ce. “Ta riƙa ɗiba daga tsakiya.”

Na iske Nuwanji cikin kiɗa. Kwale-kwale sun tashi, ana dashen shinkafa, mawaƙa na yabon Sarki da ya tanƙwara dutse ba tare da zare takobi ba. An buɗe hanya tsakanin ƙasashen, har an yi yarjejeniya jakadu su riƙa haɗuwa a kan gadar saiwoyi, inda ba a dafa shayi. Da na ambaci Lunsai a kasuwa, mutane suka dube ni kamar na yi maganar aljani.

A ƙofar gidansa an kankare suna, itacen ya yi fari a wurin. Senli na zaune da fararen kayan takaba. An riga an binne akwatin. Ta dafa mini shayi, wannan karon da ruwan kogi, na faɗa mata komai, har da saƙonsa.

Ta ce, “Ya tsaya kafin ya shanye?”

Na ce, “Ya tsaya, Iya. Ya daɗe.”

Ta gyaɗa kai. Na matso na ce ina da dabara: ni baƙon ƙasa ne, ta zo masaukina ta shanye finjali, a kankare nata sunan, in ɗauke ta in kai ta wurinsa. Ta yi murmushi ta nuna mini gonar bayan gida, inda 'ya'yanta mata biyu ke dashe cikin ruwa har gwiwa. Ta ce gidan da aka kankare suna biyu a ƙofarsa, gonarsa ta koma ta Sarki.

Muka fita bakin kogi tare, finjalinta a hannu da ragowar yatsa biyu. Ta tsaya tana kallon dutsen Tarkum, can sama cikin gajimare. Ta dubi ruwan da ke gangarowa daga wurinsa yana wuce ta zuwa teku. Ta miƙa finjalin kamar za ta juye, sai ta fasa.

“Malam Barmo,” ta ce, “mijina ya taɓa gaya mini abin da ya fito da kai daga ƙasarku. Wai kana neman yadda ake sa ruwa ya hau dutse.”

Na ce, “Haka ne, Iya.”

“Ka samo?”

Na ce, “Ban samo ba.”

Ta riƙe finjalin da hannu biyu ta juya gida da shi. Ni kuma na ɗauki dagina. Na ƙara shekara goma sha ɗaya ina yawo a ƙasashen gabas, ina tambayar duk wanda na gamu da shi, ba don Kwargaba kaɗai ba, har da finjalin Senli. Ga ni na dawo da furfura, matanmu na nan suna hauro da tulu. Iyakar abin da na gani ke nan, jama'a, sauran sani yana wurin Mai ruwa da dutse.